Gida Ɗaya, Takardun Haraji Biyu

Lallen amarya bai gama fita daga hannunta ba takardar ta iso. Ƙarshen Janairun 2025 ne, kwananmu goma da dawowa daga Kano, ko akwatuna ba mu gama kwashewa ba. Ambulan ce daga kamfanin da ya ba mu kuɗin sayen gida, a cikinta fom mai lamba 1098, wanda ake turo wa mai biyan bashin gida a Amurka duk farkon shekara don ya ga abin da ya biya bara. A akwatin farko an rubuta dala 18,140. A sama kuwa sunanta ne kaɗai, da lambar soshiyal ɗinta, wato lambar shaidar da hukuma ke gane kowa da ita a Amurka. Nawa sunan ko a lungu babu shi, alhali yawancin kuɗin daga aljihuna suka fita.

Sai na ɗan koma baya. Gidan mun saye shi ne a watan Maris na 2024, a gundumar Prince George's da ke jihar Maryland, lokacin an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, amma ba a ɗaura ba. Albashina ni kaɗai ba zai ɗauki gidan dala 420,000 ba, nata ma haka, sai muka haɗa. Takardar mallaka ta fito da sunayenmu biyu, rabi da rabi, yarjejeniyar biya ma mu biyu muka sa hannu. Ita aka rubuta a farko saboda tarihin biyan bashinta ya fi nawa kyau, ta riga ni zuwa ƙasar da shekara huɗu. Ni na tare a watan Afrilu, ita ta ci gaba da zama wurin gwaggonta a Silver Spring, don Gwaggo ta ce ko kujera ba za ta kai gidan ba sai an shafa fatiha.

An sa ranar Juma'a 27 ga Disamba. Saura kwana shida aka yi mana rasuwa, yayan mahaifinta, wanda shi ne zai ba da auren. Manya suka ɗage zuwa 10 ga Janairu. A lokacin babu wanda haraji ya faɗo wa a rai, mu da muke zaman makoki. Sai daga baya na gane cewa mako biyun nan sun tsallaka da mu wata shekara a wurin IRS, hukumar harajin Amurka. Ƙa'idarta guda ce: yadda ranar 31 ga Disamba ta same ka, haka kake a duk shekarar. In an ɗaura da daren ranar, kai mai aure ne tun daga Janairu. In ba a ɗaura ba, gwauro ne kai, ko da an riga an dafa abincin biki. Auren da aka yi a wata ƙasa bisa dokar can suna amincewa da shi, wannan ba matsala ba ce. Namu dai ya faɗa 2025, mu kuma takardun 2024 za mu cike.

Da na faɗa mata cewa kowa zai cike nasa a matsayin marar aure, ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, “Yallaɓai, sadakin da ka biya fa? Su ba su lissafa shi?”

Na fara da manhajar haraji da nake amfani da ita kowace shekara, irin wadda kake amsa tambayoyi tana cike maka. Shekarun baya minti arba'in nake gamawa: in shigar da fom W-2, takardar albashi da harajin da aka yanke da wurin aiki ke bayarwa, in karɓi ragin bai-ɗaya, shi ke nan. Ragin bai-ɗaya shi ne adadin da hukuma ke cire wa kowa daga kuɗin shigarsa kafin ta yanka haraji, ba ta tambayar rasit. A 2024 dala 14,600 ne ga marar aure, 29,200 ga ma'auratan da suka cike tare. Wanda yake ganin abin da ya kashe a kan wasu abubuwa da doka ta lissafa ya wuce wannan adadi, yana iya barin bai-ɗayan ya jero nasa dalla-dalla a takardar da ake kira Jadawalin A. Masu gida su suka fi yin haka, saboda kuɗin ruwan bashin gida da harajin gida duk suna shiga ciki.

Kalmar kuɗin ruwa ta sa dole in yi bayani, don na san abin da mai karatu zai fara tambaya. Ba banki muka bi ba. Mun bi ɗaya daga cikin kamfanonin da ke sayen gida tare da kai bisa tsarin musharaka, kana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan kana biyan riba a kan abin da ya rage nasu. Malamai sun yi maganarsu a kai, wasu sun gamsu wasu ba su gamsu ba, mu mun bi waɗanda suka gamsu. Amma fom ɗin hukuma ba shi da akwatin musharaka. Ribar nan a akwatin kuɗin ruwa kamfanin ke rubuta ta, kuma a nan ake neman ragi da ita. Na daɗe ina kallon kalmar a takardar, ban ji daɗinta ba, amma ba ni na zana fom ɗin ba.

Manhaja ta tambaye ni ko an turo mini 1098. An turo, amma ba ni aka turo wa ba. Nan na tsaya cak.

Akwai wani ɗan garinmu da ke cike wa mutane takardun haraji a falonsa idan lokaci ya yi, mutumin kirki, ya girme ni sosai. Bayan sallar Juma'a na tare shi na karanta masa halin da nake ciki. Ya ce, “Ƙanena, ai abin mai sauƙi ne. Tunda kai ne mai gida, ka cike a matsayin mai gida, ragin ya fi yawa. Ka sa Hajiya mahaifiyarka a matsayin wadda kake ɗauke da ita, ai kai kake ciyar da ita. Sannan ka kwashe dubu goma sha takwas ɗin gaba ɗaya a naka, amarya ta ɗauki bai-ɗaya.” Na yi godiya, na tafi gida ina lissafi a zuci, har na fara raba kuɗin da za a dawo mini da su.

Da daddare na buɗe littattafan bayani da IRS ke wallafawa kyauta a shafinta, mai lamba 501 da mai lamba 936, sai murna ta koma ciki. Abin da suke kira mai gida ba shi ne mai gida a Hausa ba. Ragin nasa ya kai dala 21,900 a 2024, gaskiya ne, amma sai kana riƙe da wani da doka ta amince da shi, kamar ɗanka ko iyayenka. Budurwar da aka sa muku rana ba ta ciki. Hajiya kuwa, duk da ni nake aika mata kuɗin cefane da na magani kowane wata, ba ta shiga, domin wanda za ka lissafa a matsayin nauyinka sai ya zama ɗan Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Uwar da ke zaune a Kano ba ta cikin lissafin, komai yawan abin da kake aika mata. Wannan ya ɗan sosa mini rai, don a ganina babu nauyin da ya kai wannan zama nauyi. Shawara ta uku ita ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma ita ce ban iya warware wa kaina ba, shi ya sa muka nemi akawu mai lasisi.

Mun je wurinta a makon farko na azumi, wata dattijuwa da ofishinta bai fi shago ba. Kafin ta taɓa 1098 ɗin sai ta ce mu ba ta takardun banki na wata goma, da takardar da aka ba mu ranar kammala cinikin gidan. Na ce ga fom ɗin nan, komai yana ciki. Ta ce fom ɗin yana faɗin nawa kamfani ya karɓa ne kawai, ba ya faɗin hannun wa ya miƙa. Mutane biyu da ba su da aure, suka mallaki gida tare, bashin kuma yana wuyansu su biyu, kowa yana cire abin da shi ya biya da kuɗinsa. Ba rabon da ke takardar mallaka ake bi ba, ba kuma sunan da ke kan fom ba. In daga asusunka kai kaɗai kuɗin suka fita, naka ne. In daga asusun haɗin gwiwa suka fita wanda kuke da haƙƙi daidai a cikinsa, ana ɗauka rabi da rabi ne, sai in akwai hujjar da ta nuna ba haka ba.

Sai muka zauna muna bin watanni ɗaya bayan ɗaya. Biyan farko ya kama 1 ga Mayu. Daga Mayu zuwa Satumba, wata biyar, daga asusuna kuɗin suka riƙa fita, saboda ita tana tara na kayan ɗaki da hidimar biki. Ribar waɗannan watanni ta kama dala 10,830, duka tawa. A watan Oktoba muka buɗe asusun haɗin gwiwa, kowa na zuba nasa, muka mai da biyan can, a ganinmu mun yi abin wayewa. Ribar wata ukun ƙarshe dala 6,470, aka raba biyu. Akwai kuma dala 840 na kwanakin ƙarshen Maris da aka karɓa tun ranar ciniki, wanda muka haɗa muka biya, shi ma aka raba. Nawa ya tashi 14,485, nata 3,655. Shawarar in kwashe duka ta mutu a nan, don akwai dala dubu uku da ɗari shida da wani abu da ba ni na biya ba, kuma takardun banki suna nan suna faɗa.

Na tambayi akawun ko zamanta a gidan Gwaggo bai hana ta neman kasonta ba, tunda ko kwana ɗaya ba ta yi a gidan ba a 2024. Ta ce bai hana ba. Doka ta yarda da gidan da kake zaune da kuma gida na biyu, kuma na biyun in ba haya ka ba da shi ba, ba dole sai ka kwana a ciki ba.

Harajin gida ya fi ba mu wahala. Kowane wata kamfani na karɓar wani abu a kan biyanmu yana ajiyewa a asusun amana, daga nan yake biyan gunduma da kamfanin inshora. Abin da ka zuba a asusun ba shi ake cirewa ba, sai abin da ya fita zuwa gunduma a cikin shekarar. A Maryland shekarar harajin gida tana farawa 1 ga Yuli, mai zaune a gidansa kuma yana biya kashi biyu, ƙarshen Satumba da ƙarshen Disamba, don haka duka biyun sun faɗo mana a 2024. Sannan akwai abin da ni sam ban lura da shi ba: wanda ya sayar mana ya riga ya biya har ƙarshen Yuni, sai aka sa muka mayar masa da na kwanakin da gidan ya zama namu. Wannan ba ya cikin 1098, yana can a shafi na uku na takardar ciniki, kuma namu ne mu cire. Jimilla dala 6,900. Da aka bi sawun wanda ya zuba nawa, nawa ya kama 4,400, nata 2,500.

Abubuwan da na ɗauko da ɗoki ta ture su gefe ɗaya bayan ɗaya. Inshorar gida, babu. Kuɗin ƙungiyar unguwa da muke biya don yankan ciyawa da kwashe dusar ƙanƙara, babu. Kason da muke saye daga hannun kamfani, wato uwar kuɗi, babu. Fentin da na yi da famfon da na canza, ta ce in adana rasit ɗin manyan gyare-gyare don ranar sayarwa, amma bana ba su da amfani. Zakkar da na aika gida aka raba wa dangi da maƙwabta, babu, domin kyauta ga mutum ba ta shiga, sai ga ƙungiyar da ke da rajista a Amurka. Abin da na bayar a masallacinmu na nan ya shiga, dala 1,300, shi ma don ma'ajin masallaci ya ba ni takardar shaida. Duk kyautar da ta kai dala 250 sai da irin wannan takarda.

Sai maganar rufi. Daga 2018 zuwa 2024 dokar ta ce harajin jiha da na gunduma da na gida, in an haɗa su, ba za ka cire fiye da dala 10,000 ba a takarda ɗaya. An yanke mini 5,900 daga albashi na jiha da gunduma, ga 4,400 na gida, ya zama 10,300, aka datse ɗari uku. A nan ne na fara ganin abin mamaki. A lokacin rufin nan dubu goma ne ga gwauro, dubu goma ne kuma ga miji da mata a haɗe. Mu da muke marasa aure a takarda, kowa da nasa rufin. Haka ma iyakar bashin da ake cire ribarsa, dala 750,000 ga bashin da aka ci bayan 15 ga Disamban 2017: wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 2015 cewa ga masu gida marasa aure iyakar ta kowane mutum ce, ba ta gidan ba, IRS kuma ta amince a 2016. Wannan bai shafe mu ba, gidanmu bai kai can ba, masu gidajen California ne ke cin moriyarsa.

Akawu ta ja layi ta haɗa. Nawa: 14,485 da 10,000 da 1,300, ya tashi 25,785, ya wuce bai-ɗaya da fiye da dubu goma sha ɗaya. Nata: 3,655, da harajin albashi 6,300, da na gida 2,500, da sadakar dala 600, ya tashi 13,055, bai kai 14,600 ba. Ita sai ta ɗauki bai-ɗaya, ni na jero nawa. Ma'auratan da suka cike daban-daban ba su da wannan dama, in ɗaya ya jero dole ɗayan ma ya jero ko da abin da yake da shi bai taka kara ya karya ba. Mu ba ruwan dokar nan da mu a shekarar. A haɗe mun cire dala 40,385.

Matata ce ta ce a gwada mana lissafin da a ce an ɗaura ranar 27 ga Disamba kamar yadda aka sa. Riba 18,140, rufi ɗaya na dubu goma, sadaka 1,900: dala 30,040, da ƙyar ya ɗara bai-ɗayan ma'aurata. Bambancin ya haura dubu goma, mu kuma muna matakin harajin kashi 22 cikin ɗari, wato kusan dala 2,270 ke nan. Ofishin ya yi shiru. Ba abin murna ba ne a ce rasuwar Baffa ce ta jawo, kuma babu wanda ya furta, amma duk mun yi tunanin. A mota ta ce a fitar da wani abu daga ciki a yi masa sadaka. Haka aka yi.

Cike takardar kanta ba ta ɗauki lokaci ba da aka san adadin. Wanda 1098 ya zo da sunansa yana rubuta kasonsa a layi na 8a na Jadawalin A. Wanda bai zo da sunansa ba, irina, yana rubuta nasa a layi na 8b, ya haɗa da 'yar takarda mai nuna nawa ya biya, da suna da adireshin wanda aka turo wa fom ɗin. Dalilin a fili yake: kwamfutar hukuma tana da kwafin 1098 da lambar matata, in ta ga ni ina neman ragin dubu goma sha huɗu ba tare da wani fom da lambata ba, sai ta aiko da wasiƙar tambaya. Na rubuta sunanta a matsayin wata da muka yi tarayya a bashi, da adireshin da yake nawa ne, tana zaune kusa da ni tana gyara mini harafin sunan mahaifinta. Harajin gida ya tafi layi na 5b. Takardar jiha, fom 502, ta bi sahu, domin Maryland ba ta barinka ka jero sai in ka jero a ta tarayya, kuma tana zare harajin albashin jiha daga cikin abin da ka jero.

Tambaya ɗaya ta rage da akawun ta yi wadda ban zata ba: wa ya ba da kuɗin kafin alƙalami? Ita ta ba da dala 30,000, ni 12,000, amma gidan rabi da rabi. A idon doka ta yi mini kyautar dubu tara ke nan. Tsakanin mutanen da ba su da aure, kyautar da ta wuce dala 18,000 a 2024 sai an cike mata fom 709, ko da ba za a biya ko sisi ba. Tamu ba ta kai ba. Matata dai ta riƙe maganar, har yau in mun yi saɓani sai ta tuna mini cewa hukuma ma ta san ta yi mini kyauta.

Mun tura ta intanet ana saura kwana huɗu sallah, tun kafin wa'adin 15 ga Afrilu ya matso. Akawu ta karɓi dala 380 na takardun biyu, kuma ban ji ciwon biya ba. Kuɗina sun shigo bayan kwana goma sha tara. Takardun banki, da takardar ciniki, da shaidar masallaci, da lissafin wata-wata da aka yi da hannu, duk suna cikin jaka ɗaya, an ce mu riƙe su aƙalla shekara uku.

Ɗan garinmu ya tare ni a filin idi ya ce yaya aka ƙare. Na ce masa Yaya, an bi ta wata hanya, amma an samu. Ban shiga bayanin Hajiya ba, wurin ba na wannan ba ne, sai bayan sati biyu na kai masa shafin littafin na 501 da na buga, don na san akwai mutanenmu da yawa da yake cike wa.

Lissafin nan ba zai maimaitu ba. Takardun 2025 tare za mu cike, kuma dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga rufin 2025 daga dubu goma zuwa dala 40,000, bai-ɗayan ma'aurata na shekarar kuma ya koma 31,500. Na kira kamfanin na roƙi a ƙara sunana a fom ɗin baɗi, suka ce lamba ɗaya tsarinsu ke ɗauka, ta wanda aka rubuta a farko. Abin da ya saura na kuɗin bayan sadakar Baffa, tukunyar ruwan zafin gidan ce ta cinye shi, ta fashe a watan Mayu.